Fuga a Bakin Masu Busa: Abin da Numfashi Ke Yi wa Kiɗan Bach



Idan aka ambaci kayan busa na tagulla a ƙasar nan, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne badujala: sojoji ko 'yan sanda a filin fareti, begila na tashi, ƙura na turnuƙewa. Wani kuma kakaki zai tuna, a ƙofar fada ranar hawan salla. Duka biyun busa ce ta fili, aikinta ta kai labari nesa, ta sanar cewa mai iko ya fito. Turawa ma haka suka daɗe suna kallon nasu ƙahonin, na yaƙi ne da farauta da shigowar sarki. Abin da ya tara mu yau shi ne yadda aka ɗauko waɗannan kaya masu kaurin murya aka damƙa musu wani kiɗa da ke bukatar natsuwa fiye da kusan kowane kiɗan Turai, wanda asalinsa mutum ɗaya ne ke zama ya kaɗa shi da yatsunsa. Sunan kiɗan fuga. Na yi shekaru ina sauraron wannan haɗin, na kuma taɓa gwada tsara shi da hannuna. Na zo ne in kare shi a gabanku, in kuma nuna inda yake ɓaci.

Kalmar fuga daga Latin take, ma'anarta gudu. Mu mun saba da waƙa mai jagora da 'yan amshi: jagora ya kawo ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓa su mayar da gindi, kowa ya san matsayinsa. A fuga babu wannan rabon. Murya ɗaya ce ke farawa ita kaɗai, ta faɗi gajeren zance na sauti, wanda zan kira jigo. Tana gamawa sai ta biyu ta shigo da jigon nan, amma daga mataki na biyar a tsanin sauti. Ta farko ba ta yin shiru, sai ta ci gaba da wani zance da zai yi wa jigon rakiya. Ta uku ta shigo, ta huɗu ta biyo. Daga nan jigo ya dinga yawo daga baki zuwa baki. Wani lokaci a kifar da shi, inda yake hawa ya koma sauka. Wani lokaci a ja shi, kowane sauti ya ninka tsawonsa. Kusa da ƙarshe sau da yawa muryoyin kan yi rige-rige, wata ta ɗauki jigo tun wata ba ta dire shi ba. Kowace murya jagora ce, kowace kuma 'yar amshi ce, a lokaci guda.

Wanda ya kai wannan fasaha ƙololuwa shi ne Johann Sebastian Bach, Bajamushe, da aka haifa a Eisenach a 1685, ya rasu a Leipzig a 1750. A 1722 ya haɗa littafin farko na Das Wohltemperierte Klavier, wato kayan madannai masu daidaitaccen sauti, inda ya zuba fuga 24, kowace da share fagenta, ɗaya a kowane gidan sauti. Bayan kimanin shekara 20 ya sake yin wasu 24 a littafi na biyu. Ga kuma waɗanda ya rubuta wa ogan, babban kayan kiɗan coci mai bututu da yawa. A ƙarshen rayuwarsa ya bar Die Kunst der Fuge, Fasahar Fuga, wadda aka buga a 1751 bayan rasuwarsa, duk an gina ta a kan jigo guda.

To, a nan ne maganata take farawa. Fuga hira ce ta muryoyi huɗu ko biyar, amma mai kaɗa ta a kan madannai mutum ɗaya ne, kayan kuma murya ɗaya gare shi. Hafsikod, wanda shi ne kakan fiyano a gidajen zamanin Bach, yana fizgar tsirkiya ne kamar yadda mai gurmi ke yi da yatsa. Da an taɓa, sautin ya fara mutuwa, kuma babu yadda mai kiɗa zai ƙara masa ƙarfi bayan ya fita. Duk muryoyin launinsu ɗaya. Gwanin makaɗi yana iya yaudarar kunne har ka ji kamar mutum huɗu ne, amma mai sauraro da bai ƙware ba, ta sama yake ji da ta ƙasa. Na tsakiya biyun sai su narke su zama hazo. Na sha gwada wannan a aji: in sa faifan fiyano in ce ɗalibai su ɗaga hannu duk lokacin da jigo ya shigo. Idan yana sama hannaye sukan tashi gaba ɗaya, idan ya shiga tsakiya sai ka ga biyu ko uku.

Ku raba muryoyin nan ga mutum biyar masu busa, ku ga abin da zai faru. Haɗin da aka fi sani shi ne turamfet biyu, hon ɗaya mai naɗaɗɗen bututu, turombon ɗaya mai bututun da ake zugewa gaba da baya, sai babbar tuba a ƙasa, wadda sunanta kawai ya yi kama da kalmarmu ta tuba. Turamfet yana da kaifi, hon yana da laushi kamar daga nesa yake magana, turombon kamar muryar dattijo, tuba kuma faɗi gare ta. Jigo ya faɗa hannun hon, ko yaro ya san wani ne dabam ya karɓi zance. Idonka ma yana taimakon kunnenka, domin kana ganin wanda ya ɗaga ƙahonsa ya sa a baki.

Akwai abin da ya fi wannan muhimmanci, kuma shi ne ya sa na kamu da son wannan kiɗa. Bach yana yawan sa murya ɗaya ta riƙe sauti mai tsawo, sauran su motsa a kewayenta har su zo su yi karo da ita, kunne ya ji wani ɗan ɗaci, sannan mai riƙon ta sauka mataki ɗaya a sami sauƙi. Wannan ɗaurewa da kwancewa ita ce ke tura fuga gaba. A kan hafsikod, kafin karon ya zo, dogon sautin ya riga ya dushe, sai dai mai sauraro ya cike gurbin da tunaninsa. Ogan yana riƙe sautin, gaskiya ne, tunda zugazugi ke ba shi iska kamar na maƙera, amma a miƙe yake riƙe shi, yadda ya fara haka zai ƙare. Mai turombon kuwa yana iya fara sautin a hankali, ya dinga hura masa rai, ya kai shi ga karon yana kan ganiyarsa, sannan ya sassauta. Abin da Bach ya rubuta a takarda, wanda tsirkiya ba ta iya cikawa, ƙirjin mutum ya cika shi.

Sai kuma daidaiton sauti. Kayan madannai an ɗaure musu sautinsu tun kafin a fara, kuma ɗaurin sulhu ne: don kowane gida ya kaɗu, an ɗan tauye kowanne. A fiyanon zamani, tazarar da ake kira babbar ta uku ta fi ta asali faɗi da kusan kashi ɗaya cikin bakwai na rabin mataki. Mai busa da leɓensa yake gyara sauti. Idan biyar ɗin nan suka sauka a haɗin ƙarshe, wanda ke riƙe da ta ukun ya ɗan sassauto da ita, sai ka ji ɗakin gaba ɗaya ya ɗauki amo, ba wani kaɗawa ko rawa a cikin sautin. Fiyano ba ya iya ba ka wannan ko wane ne ya zauna a gabansa.

Mai tambaya zai ce, in haka ne me ya hana Bach ya rubuta musu da kansa? Ai ba baƙo ba ne a wurinsu. Mahaifinsa, Johann Ambrosius, shugaban mabusan gari ne a Eisenach, kuma cikin aikinsa akwai hawa hasumiyar majalisar gari sau biyu a rana a yi wa jama'a busa. A Leipzig, tun kafin zuwan Bach, Johann Pezel ya buga littafin Hora decima a 1670, kiɗa mai muryoyi biyar da ake busawa daga hasumiya da ƙarfe goma na safe. Gottfried Reiche, wanda daga baya ya zama babban mai turamfet na Bach, ya buga nasa guda 24 masu muryoyi huɗu a 1696. Shi ne wanda ya faɗi ya rasu a watan Oktoba na 1734, kwana ɗaya bayan ya busa wani kiɗan Bach mai wahala a bikin sarauta da aka yi a fili, cikin hayaƙin jiniya. Amma ku lura da kayan da Pezel da Reiche suka rubuta wa: turombon ne da wani ƙaho na itace mai ramukan yatsu kamar sarewa. Turamfet na lokacin bututu ne kawai da ya haura mita 2, an naɗe shi, ba rami ba maɓalli. Duk wanda ya san kakaki ya san matsalar. Bututu irin wannan sautuka ƙalilan yake bayarwa, masu nisa da juna, sai an hau can ƙololuwa suke matsowa kusa har a iya rera wani abu. Fuga kuwa tana ratsa gidajen sauti, tana bukatar kowane rabin mataki, a sama da ƙasa.

Maƙera ne suka buɗe ƙofar. A 1818 Heinrich Stölzel da Friedrich Blühmel suka yi rajistar bawul a ƙasar Furusiya, ɗan maɓallin da in an danna shi yake karkatar da iska ta wani ƙarin bututu, tsawon kayan ya canza nan take. A 1835, a Barlin, Wilhelm Wieprecht da Johann Gottfried Moritz suka yi rajistar tuba. Shekara 85 ke nan bayan rasuwar Bach kafin a sami cikakken iyalin tagulla da zai iya faɗin duk abin da madannai ke faɗi.

Ko da aka samu, an ɗauki fiye da ƙarni guda kafin ƙungiyar mutum biyar ta zauna da gindinta a dandalin kiɗa. Philip Jones ya kafa tasa ƙungiyar a Landan a 1951. New York Brass Quintet ta Robert Nagel, da Harvey Phillips a kan tuba, ta kafu a 1954, American Brass Quintet a 1960, Canadian Brass kuma a Toronto a 1970. Kuma gara mu faɗi gaskiya game da dalilin da ya kai su ga Bach: talauci ne. Masu goge huɗu sun gaji fiye da kiɗa 60 daga Haydn kaɗai, ga na Mozart, ga 16 na Beethoven. Masu busa biyar ba su gaji ko ɗaya daga waɗannan manya ba. Abin da ke hannunsu bai wuce na wani injiniya ɗan Rasha, Victor Ewald, da tsoffin kiɗan hasumiya ba, sai sababbi da suka roƙa aka rubuta musu, kamar wanda Malcolm Arnold ya yi wa ƙungiyar Nagel a 1961. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Wani mai buga littattafan kiɗa a Massachusetts, Robert King, tun daga 1940 ya shiga fitar da tsofaffin kiɗa da aka juya wa tagulla, har da fugogin Bach, kuma takardunsa sun shiga makarantu da yawa. A 1985, shekarar cikar Bach 300 da haihuwa, German Brass ta faɗaɗa zuwa mutum goma don ta busa kiɗansa. Abin da aka fara saboda rashi ya zama gado.

Akwai masu ganin wannan duk shisshigi ne, kuma ba zan raina su ba. Amsar da aka fi ba su ita ce wai Bach bai faɗi kayan da za a kaɗa Fasahar Fuga da su ba, tunda kowace murya ya ware mata layinta, don haka kowa ma ya ɗauka. Wannan amsa ba ta da ƙarfi. Ware muryoyi layi-layi tsohuwar al'ada ce ta rubuta irin wannan kiɗa wa masu madannai. Haka Frescobaldi ya yi a littafinsa na 1635, wanda Bach ya mallaki kwafinsa. Gustav Leonhardt ya kawo hujjoji a 1952 cewa aikin na hafsikod ne, kuma kusan dukkansa yana shiga hannu biyu. Hujjar da ta fi ita ce halin Bach da kansa. A Weimar ya ɗauki kiɗan goge na Vivaldi ya mayar da shi na ogan da hafsikod. A Leipzig ya ɗauki wani na Vivaldin mai goge huɗu ya mayar da shi na hafsikod huɗu. Mozart kuma, a 1782, lokacin da yake zuwa zaman Lahadi a gidan Baron van Swieten a Biyana, ya juya fugogi biyar daga littafi na biyu wa masu goge huɗu, har ya sauko da ɗaya rabin mataki don ta kwanta wa kayan. Mutanen da suka fi kowa kusa da wannan kiɗa ba su ɗauki juya shi a matsayin laifi ba. Abin tambaya shi ne ko an juya shi da kyau.

Wata shekara na tsara fuga ta biyu ta littafin farko, mai muryoyi uku, wa wasu abokaina da ke busa a wata badujala. Na kwashe ta sauti da sauti, ban bar komai ba, ina ganin amana ke nan. Muka fara gwaji, aka zo kusa da ƙarshe, inda muryar ƙasa ke faɗin jigo, ta ɗan yi gaba, sannan ta zauna a kan sauti ɗaya mai tsawo har a rufe. Mai tuba, dattijo ne da ya girme ni nesa ba kusa ba, ya sauke kayansa ya ce, “Malam, a ina zan sha iska?” Na duba takardar, babu wurin. Ya karɓi fensir ya yi 'yan alamu uku, ya gutsure wutsiyar wani sauti nan, ya miƙa wa mai turombon rabin gaɓa can. Da muka sake, kiɗan ya fi wanda na rubuta kama da Bach, domin wuraren da ya zaɓa ya numfasa su ne daidai inda zancen yake da waƙafi. Shekarunsa na busa sun nuna masa abin da ni ban gani a takarda ba.

Yatsa ba ya numfashi, ogan ma ba ya yi, don haka Bach yana iya zuba gudu na gaɓa goma ba hutu. Mai algaita ya warware irin wannan matsala ta hanyarsa: ya cika kumatu, ya shaƙa ta hanci, sauti bai yanke ba. Akwai masu busa tagulla da suka iya dabarar. Ni dai ban so a yi ta a fuga. Numfashin nan da ake ji, ɗan shirun da bai kai ƙiftawar ido ba kafin jigo ya shigo, shi ne ke gaya wa kunne cewa mutum ne zai yi magana. Mai tsari nagari yana amfani da mutum na biyar don wannan: fuga mai muryoyi huɗu, masu busa biyar, saboda haka kullum akwai mai hutawa, turamfet biyun su dinga karɓa-karɓa a muryar sama, leɓe ya huce.

Sauran matsalolin zan bi ta kansu da sauri. Yawancin kayan nan an ƙera su ne a gidan si-bemol, hon kuma a fa, don haka fugar da ke gida mai nisa da waɗannan sai an matsar da ita, kamar yadda Mozart ya yi. Bakin hon baya yake kallo, ga shi shi ke ɗauke da muryar tsakiya, sai sauran sun rage masa hanya. Tuba takan yi faɗi har ta haɗiye layin ƙasa idan yana gudu, wannan na cikin dalilan da suka sa American Brass Quintet ta zaɓi babban turombon a madadinta, kuma a fuga ina tare da su.

Babban haɗarin shi ne ƙarfi. Tagulla tana da jarabar ƙara, masu sauraro kuma suna tafa wa ƙara. Shahararren tsarin da Fred Mills ya yi wa Canadian Brass na Tokata da Fuga a re ƙarami abin mamaki ne wajen gwaninta, kuma ya jawo mutane da yawa zuwa ga Bach, ba na musun haka. Amma idan na gama jin sa, gudun yatsun masu turamfet nake tunawa. Akwai kuma fugogin da sam ba sa karɓar tagulla, kamar ta goma a littafin farko, mai muryoyi biyu kacal da ke tsere ba tsayawa. Wannan ta yatsu ce, a bar musu. Waɗanda ke karɓa su ne masu tafiyar ƙasaita, waɗanda Bach ya rubuta da salon tsoffin mawaƙan coci: ta tara a littafi na biyu, ta huɗu a littafin farko mai muryoyi biyar, kowa da tasa, da babbar fugar ogan ta 1739 a mi-bemol, wadda ita ma biyar ce kuma tana zaune a gidan da tagulla ke so. A Fasahar Fuga, ta farko kamar don su aka yi ta. Ta tara kuma tana nuna abin da nake nufi ƙarara: sabon jigo yana gudu, sai babban jigon littafin ya shigo da dogayen sautuka a tsakiyar gudun. A hafsikod sai ka kasa kunne kafin ka kama shi. A bakin turombon, ko kana bakin ƙofa za ka ji shigowarsa.

Yanzu za mu saurari ƙaramar fugar ogan ta sol ƙarami, mai lamba 578 a jerin ayyukan Bach, a tsarin Ronald Romm na Canadian Brass. Muryoyi huɗu ne, suna shigowa daga sama zuwa ƙasa, ta ƙarshe ita ce wadda mai ogan ke takawa da ƙafa. Ba ta kai minti biyar ba, don haka sau biyu za mu ji ta. A karon farko ku ƙirga shigowar jigo kawai, da yatsu in kun so. A karo na biyu ina roƙonku ku ƙyale turamfet, ba zai ɓace muku ba. Ku kama hon ko turombon ku bi shi shi kaɗai daga shigarsa har ƙarshe, ku lura da inda yake jan iska, da abin da sauran suke yi a daidai wannan lokacin don kada a ji giɓin. Bayan nan sai mu karɓi tambayoyi.

Malam mai na'ura, bismilla.